Takardar kiranye tana tsayawa a ƙasar waje, motar da aibinta ne ke iso mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu yi magana a kan wani ɓangare na haɗurran tirela da tanka da tifa wanda ba a cika taɓa shi ba. Duk lokacin da babbar mota ta yi ɓarna, rahoton da ke fitowa kusan iri ɗaya ne: birki ya tsinke, ko taya ta fashe, ko mota ta ƙwace wa direba. Daga nan sai a janye ta daga kan titi, a sayar wa 'yan gwangwan abin da ya karye, a rufe magana. Babu mai tambayar wane ƙarfe ne ya ba da kai, a ina ya karye, kuma ko akwai 'yan uwan wannan mota da aka ƙera lokaci ɗaya da ita suna yawo da irin wannan aibi.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan motoci akwai tsarin kiranye. Idan kamfani ya gano cewa wani sashe na motar da ya sayar yana da aibin da zai iya jawo hatsari, dole ne ya sanar da hukuma, ya rubuta wa duk wanda ya mallaki motar, ya gyara ta kyauta. A Amurka dokar ta samo asali ne tun 1966, kuma hukumar NHTSA ce ke kula da ita. Kwana 5 na aiki kamfani ke da su ya kai rahoto daga ranar da ya tabbatar da aibin, kwana 60 kuma ya aika wa masu motoci takarda. Gyaran kyauta ya shafi motar da ba ta wuce shekara 15 ba. Jamus na da hukumar KBA, Ingila na da DVSA, Tarayyar Turai tana wallafa sanarwa a shafin Safety Gate, Sin ma tana da dokar kiranyen motoci da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013. Wato dai duk inda motocinmu ke fitowa akwai rajistar aibinsu a rubuce. Mu ne ba ma dubawa.

Kada mai karatu ya ɗauka kamfanoni suna yin wannan ne don kirki. Abin da ya faru a Japan ya ishe mu misali, kuma ya kamata kowane bakanike ya san shi, domin kanikawa aka fara ɗora wa laifin. A watan Janairun 2002 a birnin Yokohama, tayar gaba ta wata tirela ƙirar Mitsubishi ta cire tana cikin tafiya. Tayar da wilinta sun kai kilo 140. Ta gangara ta bugi wata mata da ke tafe da 'ya'yanta biyu a gefen hanya, matar ta rasu, yaran suka ji rauni. Abin da ya karye shi ne hob, ƙarfen da ke riƙe wili a jikin aksil. Kamfanin ya tsaya a kan cewa rashin kula da mota ne da lodi fiye da kima. A watan Oktoban wannan shekarar kuma, a yankin Yamaguchi, kwanson kulocin wata babbar motar kamfanin ya tsage, farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta zare ta tsinke bututun birki, direban ya mutu. Sai a 2004 kamfanin ya amsa cewa aibin ƙira ne, ya kira motoci sama da 100,000 a kan maganar hob kaɗai, aka kuma kama wasu tsofaffin shugabanninsa. Shekara biyu ana zargin masu gyara, alhali ƙarfen ne bai da kaurin da zai ɗauki wahalar da aka ƙera shi dominta. Abin da ya tona asirin shi ne akwai rahotannin hob da dama da suka karye a wuri ɗaya, kuma an ajiye su a rubuce.

A Amurka, a farkon 2016, Volvo ya kira manyan motocinsa samfurin VNL da VNM da VNX na 2016 da 2017, kusan 16,000, tare da wasu Mack Titan. Sandar sitiyarin motocin gaɓa biyu ce, kuma an gano cewa a wasu babu ɗan fil ɗin da ke riƙe gaɓar, a wasu kuma bol ɗin da ke haɗa ta sama da ta ƙasa bai kama yadda ya kamata ba. Idan gaɓar ta rabu, direba zai ga sitiyari yana juyawa a hannunsa amma tayoyi ba sa amsawa, kuma babu wata alama kafin hakan. A watan Maris na wannan shekarar hukumar da ke kula da motocin haya, FMCSA, ta ba da umarnin cewa duk wadda aka kama a hanya ba a gyara ta ba, a ajiye ta nan take. Gyaran ƙarshe shi ne a cire sandar a sa mai gaɓa ɗaya. Saboda wannan matsin lamba aka gano motocin gaba ɗaya aka gyara su, abin da ba kasafai ake samu a kiranye ba. A 2021 Daimler ya kira Freightliner Cascadia kimanin 105,000 saboda ba a ɗaure haɗin sandar da ke kai juyi daga akwatin sitiyari zuwa taya da ƙarfin da ya kamata ba. Kafin nan, a ƙarshen 2017, ya kira sama da 400,000 saboda makunnin danja: idan direba ya taka birki a hankali, danjar ba ta kamawa, na baya bai san ana tsayawa ba. Kuma hukumar NHTSA ta ci Daimler tarar dala miliyan 30 a ƙarshen 2020, ta ci Volvo dala miliyan 130 a Janairun 2023, dukkansu a kan jinkirin kiranye da rashin kai rahoto a kan lokaci. Fil ɗaya, noti ɗaya, makunni ɗaya. A irin waɗannan ƙananan abubuwa ne aibin masana'anta yake ɓuya, ba a inji ko giyabos da mai saye ke zuba wa ido ba.

To ina takardar kiranye take zuwa? Adireshin wanda sunansa ke cikin rajistar mota a can ƙasar. Da zarar an sayar da motar a gwanjo, an soke rajistarta, an loda ta a jirgi zuwa Apapa ko Tin Can ko Kwatano ko Lome, kamfanin ya daina sanin inda take. Idan an yi kiranyen kafin a fito da ita kuma mai ita bai kai ta ba, ta zo mana da aibin. Idan bayan ta iso aka gano aibin, babu wanda zai gaya mana har abada. Yawancin DAF da MAN da Actros da Iveco da Mack da ke kan hanyar Legas zuwa Kano, ko Kano zuwa Maraɗi da Zinder, ta haka suka shigo. Sababbin Howo da Shacman kuwa, waɗanda wasunsu a nan Najeriya ake haɗa su, suna da wakilai a ƙasa, don haka a kansu babu ma uzurin nisa.

Abin da mai shirin sayen mota zai yi ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi. Ya nemi lambar casis kafin ya biya ko kwabo. Tun 1981 lambar haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, an yi kuskuren kwafa ko an taɓa lambar. A karanta ta a wuri biyu: a farantin da ke jikin ƙofa ko cikin ɗakin direba, da kuma inda aka buga ta a jikin ƙarfen casis ta wajen gaba. Idan biyun ba su zo ɗaya ba, an haɗa kan wata mota da casis ɗin wata, kuma duk binciken da za a yi sai a yi shi a kan lambar casis, tunda sitiyari da birki da aksil a nan suke. Haruffa uku na farko suna faɗin kamfani: XLR na DAF ne, WMA na MAN, WDB na Mercedes, YV2 na Volvo ta Turai, LZZ na Sinotruk. A motar Amurka harafi na goma shi ne shekarar samfuri, G na 2016, H na 2017, K na 2019, L na 2020, M na 2021. Wannan ƙa'idar ba ta zama dole a motocin Turai ba, don haka kada a yi musu hisabi da ita.

Da lambar a hannu, idan motar Amurka ce a shiga shafin kiranye na NHTSA a intanet a sa ta. Idan bai nuna komai ba kada a tsaya nan, a sake bincike da sunan kamfani da samfuri da shekara, domin ta nan ne ake ganin duk kiranyen da aka taɓa yi wa irin motar, da bayanin aibin, da ranakun da aka fara da daina ƙera masu aibin. Na Jamus da na Ingila ma da sunan kamfani da samfuri ake binciken su. Sannan a aika wa wakilin kamfanin lambar casis a rubuce, a tambaye shi ko akwai aikin kiranye ko sanarwar gyara da ba a rufe ba a kanta. Kwamfutar kamfani tana riƙe da wannan tarihi. Wanda dila ne zai sayo masa, ya sa wannan cikin sharaɗin ciniki: a kai motar a yi mata gyaran kiranye a can kafin a loda ta, a kawo takardar shaida. A can kyauta ne. A nan kuwa sai an yi odar kayan da dala, an jira, sannan an biya kuɗin aiki.

Wani abin da ake mantawa shi ne babbar mota ba kamfani ɗaya ke yin ta ba. Bawul ɗin iska na Wabco ne ko Knorr ko Bendix, giyabos na ZF ko Eaton, tantebur, wato farantin da ke haɗa kan mota da bodi, na Jost ko Holland, aksil ɗin bodi na BPW ko SAF. Kiranye kan faɗa a kan sashe, ba a kan motar ba, kuma sashen na iya zuwa kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a cikin kwantena a matsayin kayan Beljiyam, a ɗaura shi a motar da ba ta taɓa shiga kiranye ba. Shi ya sa lambar da ke jikin bawul ko hob take da muhimmanci kamar lambar casis. Taya ma haka. A 2022 Goodyear ya kira tayoyin G159 masu girman 275/70R22.5, kimanin 173,000, waɗanda aka daina yi tun 2003. A gefen yawancin tayoyi akwai lambar DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta ƙare da alƙaluma uku kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da wurin zama a ƙarƙashin mota.

Sai dai, Malam Edita, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aibin masana'anta kaɗan ne idan aka gwada shi da wanda muke ƙara wa mota da hannunmu, kuma namu ne yake rufe nasu har ba a iya gane shi.

Mu ɗauki maganar tsinkewar birki. Birkin babbar mota na iska ne, kuma an tsara shi ne yadda idan iska ta ƙare, sifirin ɗin da ke cikin tukunyar birkin baya zai tura ya kama tayoyi da kansa. Saboda haka motar da birkinta ke kan ƙa'ida ba ta rasa birki don tiyo ya fashe. Tsayawa take yi. Abin da ake kira tsinkewa yawanci ɗayan abubuwa kaɗan ne. Ko dai an ɗaure sifirin ɗin da bol an bar shi haka don tukunyar tana yoyo, ko an toshe tiyon wani aksil an ce sai an dawo daga tafiya, ko an kashe birkin gaba da sunan yana jan mota gefe. Ko kuma, wanda ya fi yawa, birkin ya yi nisa. Sandar da ke fitowa daga tukunya tana da iyakar tafiya. A tukunya mai lamba 30 ta gama-gari iyakar inci 2 ce, wato milimita 51. A mai dogon zango inci 2 da rabi. A mai lamba 24 inci 1 da uku bisa huɗu. Ana auna ta ne da iska tsakanin psi (ma'aunin ƙarfin iska a geji) 90 da 100, an taka birki har ƙasa. Motar da sandarta ke dab da iyaka za ta tsaya lafiya a cikin gari, direba ya rantse birkinsa garau yake. Amma a gangare irin na Hawan Kibo, gangar birki tana zafi tana buɗewa, takalmin birki yana bin ta, sandar ta kai ƙarshenta ba ta matse komai ba. Iska cike a geji, ƙafa a kan birki, mota tana tafiya. Tayoyin da birkinsu ke aiki su ne ke ɗaukar aikin waɗanda aka kashe, su ne kuma ke fara ƙonewa. A ƙara da sakin mota a firi don a rage shan gas: inji yana silo, kwamfuresa ba ta cika tanki da sauri, birkin inji ba ya aiki, giya kuma ta ƙi shiga idan gudu ya yi yawa. Watsa wa ganga mai zafi ruwa a ƙasan gangare tsaga ta yake yi.

Gwajin da zai nuna yawancin wannan ba ya cin minti goma. A sa wa tayoyi waigi, a cika iska har kwamfuresa ta yanke, wanda a motar Amurka wajen psi 120 zuwa 125 ne. A kashe inji, a saki birkin ajiya, a taka birki a riƙe minti ɗaya: kai da bodi a haɗe kada su zubar da fiye da psi 4, kai kaɗai psi 3. Sannan a riƙa taka birki ana saki. Ƙararrawa ko jar fitilar ƙarancin iska ta kama kafin allura ta sauka ƙasa da psi 60, birkin ajiya kuma ya faɗa da kansa tsakanin 45 da 20. A tada inji, iska ta tashi daga 85 zuwa 100 cikin daƙiƙa 45. Motocin Turai da ma'aunin bar suke aunawa maimakon psi kuma iskarsu ta fi yawa, don haka a bi alƙaluman littafin motar, amma tsarin gwajin ɗaya ne. A buɗe bawul ɗin ƙasan tankin iska kullum. Idan ruwa ke fita, kwanson busar da iska ya mutu, idan baƙin mai ne, kwamfuresa ce ke turo shi, kuma shi ne ke cinye robobin bawul. Kaurin lainin da ke jikin takalmin birki kada ya gaza milimita 6.4. Motocin Amurka da aka yi daga Oktoban 1994 suna da abin saita birki mai aiki da kansa, haka ma na Turai na zamani. Idan irin wannan ya yi nisa, ɗaure shi da sifana ba gyara ba ne. Ya lalace, ko bushin ɗin sandar da ke buɗe takalmi sun cinye, kuma nan da 'yan kwanaki zai koma inda yake. Muna kuma roƙon yaran gareji kada su kwance bayan tukunyar birki don su ga abin da ke ciki. Sifirin ɗin ciki yana iya kashe mutum. Idan ta lalace canza ta ake yi ɗungurungum.

Haɗa kan Amurka da bodin Turai ma yana da nasa rikicin. Mack wutar lantarki mai volt 12 gare ta, motocin Turai 24. Da yawa sai a bar wayar ABS (na'urar da ke hana tayoyi daskarewa idan an taka birki) ta bodi a rataye. Bodin zamani da ba ya samun wuta ba ya sanin ko da kaya ko babu, sai ya kama birki kamar yana ɗauke da cikakken lodi, tayoyi su daskare a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bodi ya naɗo kai. Haka motocin Ingila masu sitiyari a dama. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 ake juya su, kuma inda aka yanke sandar sitiyari ko hannun akwatin aka yi musu walda, an ƙirƙiri aibin da babu kamfanin da zai amsa shi. Ƙarfen sitiyari ba a yi masa walda ba a kuma gasa shi a lanƙwasa. Wasan sitiyari kada ya wuce digiri 10, kimanin inci 2 a bakin sitiyari mai faɗin inci 20.

Cirewar taya kuwa, noti ne kan jawo ta fiye da komai. Notin wili na M22 yana son ɗauri tsakanin Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 600 da 680, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, da sifana mai auna ƙarfi, ba da bututu mai tsawon mutum da yaran mota biyu suna tsalle a kai ba. Ɗaurin da ya wuce kima miƙe bol yake yi, ya bar shi yana jiran ramin farko. A kankare tsatsa da busasshen fenti daga fuskar wili da ganga kafin a ɗaura, a sake bin notin bayan kilomita 80 zuwa 160. Jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti alama ce ya saki. Kada a haɗa wilin da ke zama a kan hob da notin wilin da ke zama a kan bol, ko da ramuka goma ne duka. Fil ɗin bodi da ke shiga tantebur milimita 50.8 ne sabo, idan ya cinye ya kai 49 a canza shi, kuma wasan gaba da baya tsakanin kai da bodi kada ya wuce rabin inci.

Sai lodi. Buhun siminti 600 tan 30 ne, 900 tan 45. Fetur lita 33,000 bai wuce tan 25 ba, lita 60,000 kuwa ya kai tan 44, ban da nauyin tankin da aka ƙara masa tsawo a wurin masu walda. Hukumar NMDPRA mai kula da rarraba man fetur ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025, bayan gobarar Majiya a Jigawa a Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Mataki ne mai kyau. Amma muddin ana ɗora wa aksil abin da ya ninka ƙarfinsa, duk kamfanin da aka kai wa ƙorafin hob ko sifirin zai ce lodi ne, kuma ba za a iya ƙaryata shi ba, ko da a gaskiya ƙarfen nasa ne mai aibi.

To ta yaya ake bambance aibin ƙira da gajiyar ƙarfe ta wahala? Da farko a ajiye abin da ya karye. Kada a wanke shi, kada a goge, kada a haɗa bakin biyu a ga ko sun dace, domin hakan na murje shaidar. Bakin karaya yana ba da labari: inda ya yi santsi da duhu ko tsatsa, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi, tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci, inda ya yi fari da gautsi shi ne abin da ya rage ya ɓalle a ranar. A duba inda tsagar ta faro. Idan daga wurin walda ne ko inda guduma ta taɓa, namu ne. Idan daga rami ne a cikin zubin ƙarfen, ko daga kusurwar da aka yanka da kaifi tun masana'anta, akwai magana. A ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, a rubuta lambar casis, kilomita, nauyin kayan da ke kai da kwanan wata. Mota ɗaya ba ta kafa hujja. Amma sashe ɗaya ya karye a wuri ɗaya a motoci uku ko huɗu masu lambar casis kusa da juna, waɗanda ba su yi nisan tafiya ba, wannan ba sakacin direba ba ne. Mai motoci goma ba zai ga wannan shi kaɗai ba. Ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG da ƙungiyar kanikawa ta NATA su ne ke da yawan da zai nuna shi, idan suka buɗe littafi ɗaya a manyan tashoshi irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, inda ake rubuta irin waɗannan karaye-karaye.

Ga hukumomi kuma, abin da muke nema bai buƙaci sabuwar doka ba. Hukumar kwastam tun 2022 take amfani da lambar casis wajen ƙiyasta kuɗin fito. Lambar da ake karɓa don haraji ita ce dai ake buƙata don duba kiranye. A ƙara sharaɗi cewa babbar motar da ke da buɗaɗɗen kiranye a kan sitiyari ko birki ko hob ba za a yi mata rajista ba sai an nuna shaidar gyara. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda take aiki tun 1988 kuma take da shirin duba tanka kafin lodi a defo, ta sa lambar casis da sunan sashen da ya lalace a cikin takardar rahoton kowane hatsarin babbar mota, ta kuma riƙe sashen kafin a saki motar. Rubuta "matsalar birki" kawai ba ya gaya wa kowa ko tukunya ce, ko bawul, ko tiyo, ko an kashe aksil ne da gangan. Dokar kare masu saye da ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta fara aiki a 2019, ta riga ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba shi ya sanar da jama'a ya kuma janye kayan idan ya gano hatsari a cikinsa. A yi aiki da ita a kan wakilan kamfanonin motoci da masu haɗa su a cikin gida: duk kiranyen da aka yi wa wani samfuri a ƙasar da aka ƙera shi, a wallafa shi a nan cikin wa'adi, da jerin lambobin casis ɗin da abin ya shafa. Kuma a yi sanarwar da Hausa a rediyo, a liƙa ta a tashoshi da defo-defo, domin mafi yawan masu riƙe da sitiyarin waɗannan motoci da masu kwanciya a ƙarƙashinsu da ita suke aiki.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Daga wasu kanikawan manyan motoci da masu kula da garejin sufuri, Kano.